Mai Ƙaho Biyu a Tagar Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Yau shekara huɗu da wata bakwai ke nan rabona da gida. Ba zama na yi na ƙirga ba. Takardar kwantiragi aka ba mu mu sabunta, na ga ranar da na fara aiki a samanta.

Ina fata kina lafiya, da maigidanki, da ɗaliban nan naki masu cinye miki murya. Ni ƙalau nake, in ban da bayan nan da ke tuna mini shekaruna duk sanda na hau tsani. Aiki yana nan yadda kika san shi. Injin fasa dutse ya tsaya, a kira mai lantarki. Ƙwan banɗaki ya mutu, a kira mai lantarki. Saura kaɗan shayin manaja ya huce a ce laifina ne. Amma ba sa cin haƙƙina, wannan kam zan shaide su.

Takardarki ta iso, wurin maganar idon Baba kuwa sau uku na karanta shi. Me ya sa sai a takarda nake jin gaskiyar gidan nan? A waya kowa lafiya lau yake. Ranar hutun da ta wuce na yi kiran bidiyo, kika miƙa masa, ya kai wayar bakin hancinsa, ni ina kallon goshinsa da silin. Na ce, "Baba, kana ganina?" Ya ce, "Ina gani," ya maido miki. Na ɗauka halin ne na kullum. Ashe inuwa yake gani.

Kin ce likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa ragowar kawai yake riƙewa, manyan abubuwa kuma yana ganinsu in da haske. To ni ba zan iya tahowa yanzu ba. Kamfani ba ya ba da tikiti sai mutum ya tara kwana arba'in na hutu, ni kuwa shekarun baya barin nawa na yi suna ƙonewa. Kin san dalili, ba sai na tona ba. Tunda ba zan zo ba, bari a kawo masa fuskata da girmanta, tun yana iya gane ta.

Kwamfutata ta tebur, mai babban allon nan, tana ɗakin baya ko an sayar? Na tuna kin taɓa soka mata ɗan abin kama waifai bai ja komai ba. Ba zai ja ba, bangon ɗakin kauri gare shi. Ga dabarar da na yi. Ofishinmu sun canza rauta, akwatin nan da ke raba intanet, suka jefa tsohuwar a kwalin tarkace. Na roƙi mai sito ya ba ni. Ƙaho biyu gare ta, kuma ana iya juya mata aiki: maimakon ta raba, sai ta koma saurare. A ɗora ta a tagar falo da ke kallon kemis, ta kamo waifan mai kemis, ta turo wa kwamfuta ta cikin kebul. Ba fasa bango, ba rigima da mai gidan haya.

Ki je wurin mai kemis da ladabi ki roƙe shi. In ya yarda, ki kwafo mini sunan waifan da lambar sirrinsa daidai yadda suke, babban baƙi a wurinsa, ƙarami a wurinsa. Zan saita komai a nan.

Kada ki gaya wa Baba tunanina ne. Ki ce naki ne. Abin da ya fito daga hannuna sai ya nemo masa aibu.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Maigidan yana gaishe ka, ya ce bayanka ba tsufa ba ne, rashin mata ne. Ni dai saƙo na isar.

Kwamfutarka tana nan inda ka bar ta, da mayafinta kamar baƙuwa mai kunya. Wa zai sayar? Ka manta gidan wa take? Mutumin da har yau yake ajiye sukurun rediyon da mai shi ya rasu tun ina goye?

Na je wurin mai kemis. Ban gama bayani ba ya yago takardar magani ya rubuta mini. Ya ce Baba ya gyara masa agogon bango sau uku bai karɓi komai ba, sai faɗa da ya sha a kan yana rataye agogo kusa da taga. Sharaɗinsa ɗaya: kada maigidana ya mayar da falon gidan kallon ƙwallo. Na kwafe maka a bayan takardar nan, na sa shi ya duba ya ce daidai.

Zancen in ce tunanina ne kuwa, ban yi ba. Ni da ko fitilar hannu ba na iya sa wa batir daidai, wa zai yarda? Na ce masa, "Baba, Yaya zai aiko da na'ura ka riƙa ganinsa a babban allo." Ya juya wani agogon hannu a tafinsa. Can ya ce, "Sabuwa ko tsohuwa?" Na ce tsohuwa. Ya ce, "To." Kai ka san "to" ɗin Baba, sai dai ka fassara da kanka.

Yana nan yana zama a teburinsa kullum da safe. Masu kawo gyara sun ragu, sai tsofaffin da suka saba. Yanzu da yatsa yake aiki. Jiya wata ƙaramar sukuru ta faɗi, na durƙusa zan nema ya ce in matsa, ya ji inda ta faɗa. Kuma a nan ɗin take. Maganin ɗigawa ne dai sai na tsaya a kansa kamar ɗan aji ɗaya.

Ka riƙa cin abinci. A kiran nan na ga wuyanka kamar na hangar rataye riga.

Ƙanwarka

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Mai kawo miki wannan direban tankar ruwanmu ne, ya samu hutu kuma hanyarsa ta bi ta wajenku. Ki ba shi ruwa ya sha, amma kada ki bari ya fara labarin hatsarin da ya taɓa tsallakewa, sai ya wuni.

A cikin kwalin akwai rauta da cajarta, kebul mai tsawon mita goma, da ƙaramar kyamara mai matsewa a saman allo. Na gama saita komai. Sunan waifan mai kemis da lambarsa suna cikin kanta. Ranar hutu biyu na ɓata a kanta, abokin ɗakina, wani dogon mai walda, yana ta tsokanata wai na samu amarya mai ƙaho.

Aikinki kaɗan ne. Ki ɗora ta a tagar falo, ƙahonin a tsaye. A bayanta akwai ramuka biyar, huɗu rawaya, ɗaya shuɗi. Ki soka kebul a rawaya, kowanne. Shuɗin ki yi kamar ba ki gan shi ba. Ɗayan bakin kebul ɗin ki bi da shi gindin bango har ɗakin baya, ki soka a bayan kwamfuta, rami ɗaya ne zai karɓe shi, za ki ji ya ce ƙas. Ki jona wuta, ki jira fitilu uku su tsaya kore. Shi ke nan. Ki yi haƙuri da ƙurar jikinta, direban na jira ban samu gogewa ba.

Ranar hutun da ke biye da isowarta, ƙarfe huɗu na yamma, zan zauna a kantin ma'aikata kusa da taga inda haske yake, in kira. Ki zaunar da Baba kamar taku biyu daga allo.

Na ji "to" ɗin nasa. Ban fassara ba. Na gaji da fassara.

Yayanki

*

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ni ma lafiya, tunda ita ce kalmar da muka iya.

Direba ya kira ni ya ce ya damƙa miki kwalin hannu da hannu. Ranar hutu ta farko na yi aski, na sa rigar da ba ta da tabon man inji, na zauna a taga tun huɗu saura. Na kira kwamfuta, shiru. Na kira wayarki kika ce, "Ana nan ana ƙoƙari," kika sako zancen jarrabawar ɗalibai. Hutu na biyu haka. Mai walda ya zo ya zauna kusa da ni da kofinsa ya ce, "Amarya ta yi yaji ke nan?" Na yi dariya don kada in yi wani abin.

Na uku na ce ki ba ni Baba. Kin ji abin da ya ce ai, kina tsaye. "A bar zancen na'urar nan. Muryarka ta isa." Ya miƙa miki.

To na ji. Amma ki bar ni in faɗi nawa a takarda, tunda a nan kaɗai ake barina in kai ƙarshen magana.

Shekara goma sha ɗaya na yi a teburin mutumin nan. Shi ya koya mini riƙon sukurdireba, shi ya koya mini kada in rufe abu sai na san abin da ya kashe shi. Duk abin da nake ci da shi yau daga hannunsa ya fito, ban taɓa musu ba. Ranar da na kawo kwamfutar nan na ce mu ƙara da gyaran irinta a shago, don agogo da rediyo suna ƙarewa, ya dube ta ya ce a teburinsa ba a gyara abin da ba a jin bugun zuciyarsa. Da na ce zan tafi, ko kai bai ɗaga ba. "Je ka, teburin nan bai taɓa rasa hannu ba." Da wannan guzurin na hau mota.

Na ɗauka shekara huɗu sun isa. Ban ce ya ce ya yi kuskure ba, wataƙila ma bai yi ba, ni ma a lokacin bakina ya fi hankalina sauri. Cewa na yi ya dube ni kawai, tun yana iyawa. In kwamfutar ce ba ya son a kunna masa a gida, ki faɗa mini. In fuskar ce, ita ma ki faɗa. Na fi son a mare ni da a ce mini ana nan ana ƙoƙari.

Rautar kuma ki ba mai kemis, ko ki tokare ƙofa da ita.

Yayanki

*

Yaya,

Lafiyarmu ƙalau, kuma wannan karon da gaske. Takardarka ta zo, na karanta a ofishin malamai, na ninke, na shiga aji na ba yara aikin da ba su yi laifin komai ba.

Baba ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa maka ba. Yau zan karya, Allah ya yafe mini, don na ga in na ci gaba da riƙewa ku biyun za ku shekara huɗu nan gaba kowa yana kumbura a kusurwarsa.

Ranar da kwalin ya zo na buɗe, na ce sai na dawo daga makaranta gobe in haɗa a natse. Na manta a gidan wa na bar na'ura mai ƙura. Ka taɓa ganin wani abu ya shigo gidan nan da datti ya kwana biyu a haka? Da safe ina fita ya ɗauke ta ya kai teburinsa. Ya goge ta da tsumman nan nasa mai laushi, ya bi ramukan da buroshi, ya hura musu iska da ɗan famfon robarsa. Ya jona ta a wuta don ya tabbatar tana da rai, ya kai fuskarsa kusa ya ga hasken fitilu. Sai yatsansa ya ci karo da wani ɗan mitsitsin rami a bayanta. Ya ɗauka ƙura ce ta toshe shi. Ya ɗauko allurarsa ya soka, ya ji wani abu ya motsa a ciki, ya danne yana jira dattin ya saki. Fitilun suka yi walƙiya gaba ɗaya suka mutu, suka dawo.

Na dawo na same ta a taga tana ƙyalli kamar sabuwa, ya ma miƙar da ƙahonin. Na haɗa yadda ka ce, rawaya ba shuɗi ba. Fitila biyu suka kama, ta ukun ta ƙi. Na kira mai kemis ya duba, ya juya ta ya ce, "Ai wani ya danna nan, duk abin da aka saita ya goge." Baba yana zaune a kujerarsa. Ya jira mutumin ya fita. Sannan ya ce, "Shekara hamsin ban taɓa kashe kayan mutum ba. Sai na ɗana." Ya ce da idonsa na nan da ya ga rubutun da ke gefen ramin.

Wannan ce "muryarka ta isa" ɗin da ka ji. Kunya ce, Yaya. Ya za a yi mai gyara ya ce wa yaron da ya koya wa aiki ya ɓata masa na'ura?

Tunda na fara fasawa bari in ƙarasa. Kwamfutar da kake cewa ba ya son a kunna masa: tun watan da ka tafi, duk mako sai ya yaye mayafin ya kunna ta, ya zauna har fankarta ta yi ɗumi, sannan ya kashe. Ya ce na'ura in ba a tashinta sanyi ke cinye ta. Ban taɓa faɗa maka ba don shi ma wannan an hana ni. Gidan nan sirri ya fi kujeru yawa.

Kuma a takardarka ka lissafa ramuka biyar. Shida ne. Ka duba.

Yanzu sai ka faɗa mini: ta mutu ke nan, ko tana tashi?

Ƙanwarka, wadda ba za ta tokare ƙofa da komai ba

*

Auta,

Na gaishe ki, na kuma sunkuyar da kai. Shida ne. Na san da ramin, na san mutumin da nake aika wa, na aika masa abu da ƙura ban ce uffan ba. Ni da na girma ina ganin yana soka allura a ramin kwalbar gishirin tebur. Laifin nawa ne, ki faɗa masa haka da bakina. Takardar da na rubuta cikin fushi kuma ki yaga, ko ki ajiye ki riƙa nuna mini duk sanda na fara.

Ba ta mutu ba. Mantuwa ta yi. Ramin an yi shi ne don haka, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Ki gaya wa Baba bai karya komai ba, wanke mata kai ya yi, har da tarkacen ofishinmu da ni ban share ba.

Yanzu ke za ki koya mata da kanki. Kada ki ce ba ki iya ba, mai koya wa yara arba'in raba dogon lissafi ba za ta kasa akwati ɗaya ba. Na zana miki kowane shafi a takardun da ke haɗe, na kewaye inda za ki danna da jan biro.

Ki bar kebul yadda yake, a rawaya. Ki juya rautar, a ƙarƙashinta akwai takarda manne da lambobi kashi huɗu masu ɗigo a tsakani. Ki buɗe inda ake shiga intanet a kwamfuta, ki rubuta lambobin a dogon layin sama. Za ta nemi suna da lambar shiga, suna nan a takardar guda. In kin shiga, ki nemi shafin da ake zaɓar irin aikinta, zane na biyu, ki zaɓi na saurare. Za ta jero duk waifan unguwa. Ki danna na mai kemis, ki sa lambarsa a hankali, harafi ɗaya in ya kauce ba za ta ce miki komai ba, shiru kawai za ta yi, irin na gidanmu. Sai zane na huɗu: akwai wani maɓalli na raba lambobi ga na'urori, ki kashe shi, don wannan aikin rautar mai kemis ce ke yi, in su biyu suka yi sai rikici. Ki danna ajiye. Za ta mutu ta tashi. Kada kowa ya taɓa ta minti biyu, musamman wanda kika sani.

Roƙona ɗaya. Kada ki yi shi ke kaɗai, kuma kada ki kira mai kemis. Ki ce wa Baba na ce ba na yarda da hannun kowa a kan kebul da ƙahonin sai nasa. Ba daɗin baki ba ne. Kamun waifai daga tsallaken titi aikin haƙuri ne, a juya kaɗan a jira, irin neman tasha a tsohuwar rediyo. Ban san wanda ya fi shi ba.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya, kuma fitila ta uku ta yi kore.

Sai da na karanta masa wurin "wanke mata kai" sau biyu. Ya ce, "Shi ya faɗa?" Na ce ga rubutunsa. Ya shafa takardar kamar zai ji rubutun a yatsa, ya ce, "To ɗauko ta."

Mun yi wajen awa biyu. Sau uku ina sa lambar mai kemis tana ƙi, ashe wani babban baƙi nake mayarwa ƙarami. Baba yana falo a tsaye a taga, ni ina ɗakin baya, muna ta ihu kamar masu sauke kaya. "Ta kama?" "Sanda ɗaya, Baba!" "Yanzu fa?" "Ta ɓace!" "Ke ba ki da haƙuri, jira ta zauna." Ya ce labulen ƙarfen taga ne ke tare ta, ya sa maigidana ya kawo gwangwanin madara babba ya ɗora ta a kai, ya karkata ƙaho ɗaya wajen kemis. Sanduna uku cif. Ya yi alama da alli a inda gwangwanin yake, ya ce duk wanda ya matsar da shi su haɗu.

Kebul ɗin ma ya ƙi yadda na shimfiɗa. Ya bi shi da ƙananan ƙusoshi masu lanƙwasa tun daga falo har ɗaki, da lalube, a miƙe kamar an ja da rula.

Ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa: "Ka ce masa cajar tana ɗumi fiye da kima, ya kamata ya lura kafin ya aiko. Kuma ranar hutu ƙarfe huɗu."

Tun jiya ya sa na wanke masa farar rigarsa.

Ƙanwarka, injiniya

*

Injiniya Auta,

Ina gaishe ki da babbar murya, da maigidan, da mai kemis, wanda na ji an ce har ya fara shigowa duba sakamakon ƙwallo a kwamfutar da ya hana a kalli ƙwallo.

Kina ɗakin, kin ga komai, amma ba ki ga yadda abin yake daga nan ba. Allon wayata ya buɗe, sai ga ɗakin baya: kabad ɗin nan mai karyayyen hannu, kalandar da ba a canza ba, da Baba a farar riga, zaune a miƙe kamar za a ɗauke shi hoton fasfo. Ya matso, ya ja baya, ya sa kika rufe labule. Ina kallon idonsa yana yawo a allon har ya tsaya. Na san lokacin da ya same ni, don bakinsa ya ɗan motsa.

Na shirya maganganu tun mako biyu. Shi kuwa abin da ya fara cewa, "Wannan furfurar ta wace ce?" Na ce, "Gado ce, Baba." Ya ce, "Ni a shekarunka ba ni da ko ɗaya. Juya gefe." Na juya. "Ɗayan gefen." Na juya, mutanen kanti suna kallona kamar mai tallan aski. Mai walda ya leƙo ya gaishe shi, Baba ya ce, "Kai ne mai cewa ɗana ya auri na'ura? Ka samo masa ta mutane mana, kana zaune." Yanzu duk sansanin nan ba ni da sauran mutunci.

Da kika fita kawo masa ruwa ya ce in ɗaga hannuwana ya gani. Na ɗaga. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ka ƙone a babban yatsa. Har yanzu kana riƙe abin narka dalma kusa da baki." Na ce eh. Ya ce, "Teburin nan..." sai ya tsaya, ya gyara zama, ya ce cajar dai a canza ta. Ban matsa ba. Na ji sauran, kuma wannan karon ban yi kuskuren fassara ba.

Ba zan ce miki na daina jin haushin wurin nan ba. Ƙurar dutse tana nan, manaja yana nan, bayana yana nan. Idon Baba ma na san ba dawowa zai yi ba. Amma ya gan ni, har ya ƙirga mini furfura, kuma duk ranar hutu ƙarfe huɗu ina da inda zan je. Cajar tana hanya. Gaskiyarsa ne, tana ɗumi.

Da can ina karɓar aiki a ranakun hutu don a ƙara mini a kwanakin tafiya. Na daina, ranar yanzu tana da mai ita. Saboda haka ragowar za su zo a hankali, kwana biyu duk wata. Ki ci gaba da tsayawa a kansa da maganin ɗigawa, ki ce ni na ce ina so ya ga furfurar a fili ya ƙirga da kyau.

Na je ofis an duba mini abin da na tara. Na hutun shekara, kwana ashirin da huɗu. Ranakun hutun da na yi aiki a baya, tara. Mai walda ya sa hannu ya bar mini biyu daga nasa, wai kuɗin sadakin amarya. Talatin da biyar ke nan. Saura biyar.

Yayanki